Saiwar Baushen da Ban Tsaya Na Gani Ba

Dajin da ke bayan Bomo ya ƙare. Da idona na gani, ran da jikata ta ɗauke ni a keke mai ƙafa uku muka je neman itace guda ɗaya tak. Inda na san kurmi da gonakin dawa, yanzu ɗakunan hayar ɗalibai ne reras, kowane da tankin ruwa a kansa, janareta na ta ɓaɓatu, ga masu cajin waya, ga masu soya taliya da ƙwai. Na tsaya ina waige-waige kamar baƙuwa a ƙasar da aka binne cibiyata. Yarinyar ta ce, "Kaka, ko dai ba nan ba ne?" Na ce, "Nan ne, ja'ira. Ni da wurin tare muka tsufa, sai dai ya fi ni lalacewa." Itacen da muke nema baushe ne. Ita tana karatun haɗa magunguna a jami'ar nan ta Samaru, kuma ta ji a bakin dangi cewa kakata, wadda muke ce wa Iya, tana warkar da gyambo da saiwarsa. Duk wanda ya taɓa bin Iya daji ya mutu, ni kaɗai na rage. In akwai sauran abin da za a tsinta daga sanin tsohuwar nan, to a kaina yake. In kuwa babu, ya tafi ke nan.

Gidanmu yana can gefen Samaru, inda gari ya ƙare gonaki suka fara. Ba mu da agogo, kunne ne agogonmu. Kiran sallar asuba daga masallacin maƙwabta shi ke tashinmu, sai kukan jirgin ƙasa daga wajen Sabon Gari in iska ta juyo, sai ƙarfen tayar mota da aka rataye a mangwaron ƙofar coci, wanda ake bugawa don addu'ar safe. Kafin rana ta ɗaga na share tsakar gida, na ɗebo ruwa tulu huɗu, na kai awaki bakin fadama na ɗaure. Yaran yanzu in ka ce su miƙo maka kofi sai sun gama latsa waya tukuna, ni kuwa ban san ana gajiya a faɗa ba. Amma duk cikin ƙarar gidanmu wadda ta fi zama mini a kunne ita ce ta ɗan turmin Iya. Ƙarami ne, bai wuce a rungume shi da hannu ɗaya ba, ba a daka hatsi a ciki, ba a daka yaji. In ka ji shi, ƙwas, ƙwas, a hankali ba gaggawa, to ka san wani na zaune a zaure da ƙafa a naɗe da tsumma, ƙudaje na binsa.

Gyambo kuwa a zamanin nan ba abin mamaki ba ne. Ba takalmi, ga kututturen gona, ga ƙaya, ga fartanya. Ɗan ƙwarzane sai ya zama rami, ya yi ta ruwa wata da watanni, har mutum ya riƙa zama nesa da jama'a saboda wari. Akwai asibitin sha-ka-tafi, kuma Iya ba ta taɓa hana kowa zuwa ba. In ta duba ciwo ta ga ya kai ƙashi, ko zazzaɓi ya rufe mai shi, sai ta ce, "Wannan ya fi ƙarfina, ku kai shi wurin masu allura." Wanda ta karɓa kuwa, sai ta tafasa wani ruwa rawaya ta wanke ciwon, mai ciwo na ihu tana yi masa tsiya, ta barbaɗa gari, ta rufe da ganye. Ƙwaryar da take zuba ruwan ta rine har ta koma kalar gwaiduwar ƙwai. Na san warin ruwan nan, na san baurinsa don na taɓa lasa a ɓoye. Kuma na ga mutane sun zo a kan jaki sun koma da ƙafarsu. Ba ta karɓar komai sai abin da mutum ya kawo don ransa, wani kaza, wani damin dawa, wani godiya kawai.

Iya ta shiga coci ne da furfurarta. Mijinta, kakana, ya mutu a kan addinin iyayensa na gargajiya, ɗanta kuwa, wato Babanmu, shi ya fara karɓar baftisma, kuma da hannunsa ya ƙone layu da ƙahonin ubansa a bayan gida. Lebura ne a gonar gwaji, dattijo ne kuma a ikkilisiya, mutum mai tsoron abin da za a ce. Ya sha gori yana saurayi, ana ce masa ɗan masu tsafi, shi ya sa ko kaza baƙa aka kawo gidan sai ya tambayi dalili. Iya ba ta iya karatu ba, amma ba ta fashin sujada, tana zama a benci na gaba tana rera waƙa da muryarta da ta sha gaban ta kowa, ba lalle a kan daidai ba. Ita a wurinta babu faɗa tsakanin coci da daji. Takan ce, "Wanda ya yi ciwo shi ya yi itace, ya kuma ajiye su kusa da juna don kada talaka ya yi nisan tafiya."

Ni ce ta zaɓa. Jikokinta sun fi goma, amma ta ce ni ce mai ido, ba na ganin abu in manta. Ga shi an tura ni kwalejin horon malamai, na dawo hutu da farin takalmi da Turanci a baki, ina ji kamar ni na ƙirƙiro boko. Tun daga ranar ta daina kiran sunana, sai Malama. "Malama, a taimaka wa jahila da ruwan sha." "Malama, in an gama karatun a zo a tsince mini wake." Ina dariya, amma a cikina na riga na fara jin kunyar turmin nan. A makaranta an koya mana ƙwayoyin cuta da tafasa ruwa, a ƙungiyar matasa ta coci kuma an yi ta ja mana kunne a kan ayyukan duhu. Na haɗa biyun na yi wa tsohuwa hukunci ba tare da na tambaye ta komai ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa na sa shi a wuya ina taƙama.

A farkon wata damina wata mata ta zo daga Sabon Gari, 'yar ƙabilar Ibo, da mijinta kafinta a bayanta. Zarto ya yanke shi a bayan hannun dama, ya ɗaure ya ci gaba da aiki, ciwon ya ruɓe. Sun je an wanke an sa magani, ya lafa ya dawo. Matar ta durƙusa a gaban Iya da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Mama, taimaka mu. Hannu na maigida shi ne abinci na yara." Iya ta kwance tsumman, ta daɗe tana dubawa, ta matsa gefen ciwon, ta taɓa goshinsa, ta sa ya motsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce za ta gwada, amma garin da ke gida ya ƙare, sai an shiga daji. Lokacin gwiwoyinta sun fara ƙin ta, in ta durƙusa sai an ɗaga ta. Ta dube ni ta ce, "Malama, gobe ki ajiye littafi ki ɗauki fartanya. Abin da zan nuna miki ba a faɗarsa a ɗaki, sai a gindinsa. Na tsufa, ina so in sauke kayan nan a kan wani kafin su bi ni rami."

Mun fita da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Tana gaba da sandarta, ina baya da fartanya a kafaɗa, raina a ɓace don na ƙi cire farin takalmina kuma ga shi laka ta gama da shi. Tana tafe tana magana, ni kuwa kunnena ɗaya na wurinta, ɗaya na wurin takalmi. Na tuna ta tsaya a wani itace a bakin fadama ta ce wannan kandare ne, ɗan'uwan baushe, amma aikinsa daban. Ta wuce wani ta ce shi ma baushe ne, sai dai ba shi muke nema ba, da shi ake asuwaki. Wai su dangi ne kamar mutane, suna kama, 'ya'yansu duk masu fiffike biyu ne, amma kowa da halinsa. Ina cewa "to, to" irin ta wanda yake so a gama. Har muka hau wani ɗan tudu mai jar ƙasa, ta tsaya a gaban wani itace, ta dafa sandarta, ta sauka a kan gwiwoyinta da ƙyar.

Sai na ji ta ce, "Sannu da hutawa, baushe. Roƙo muka zo, ba ƙwace ba. Mu ɗiba gabas, mu ɗiba yamma, mu bar maka uwar." Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan ƙullin dawa ta ajiye a gefe. Na ce, "Iya, dawar mece ce?" Ta ce, "Ta gindin itacen ce. In mun gama za ki gani." Sannan ta miƙa hannu ta jawo reshe ta ce, "Zo ki shafa bayan ganyen nan, ki ji da yatsanki. Da nan ake gane shi."

Ban taɓa ba. Wallahi taku biyu ne tsakanina da ganyen nan. Abin da idona ya nuna mini shi ne tsohuwa a durƙushe gaban itace tana yi masa magana, ga hatsin hadaya a gefe. Na jefar da fartanya na ce, "Iya, wannan tsafi ne! Jiya kina coci, yau kina yi wa itace sujada? Ba da ni ba!" Ta ɗago kai ta dube ni, ba fushi a fuskarta, mamaki ne kawai. Ta ce, "Gaisuwa ce, Malama. Ko gidan maƙwabci kika je ɗibar wuta ai kya yi sallama." Ban tsaya jin sauran ba. Na juya na kama hanyar gida, ina tafe ina jin kaina kamar wata jarumar bangaskiya, na bar tsohuwar da ba ta iya tashi da kanta a durƙushe a tsakiyar daji.

Rana ta take tsaka kafin ta dawo. Matar kafintan ce da ta gaji da jira ta bi hanya ta tarye ta, ta riƙo ta. Iya laka har cinyarta, saiwoyi a ɗaure a bayanta kamar goyo. Yadda ta yi ta haƙa, yadda ta yi ta miƙe, ban tambaya ba, ba ta kuma faɗa ba. Ta jingine fartanya a bakin ɗakina ta ce, "Malama, kin manta kayan aikinki." Shi ke nan abin da ta ce. Ni kuwa maimakon kunya ta kama ni, sai da Baba ya dawo daga aiki na zayyana masa komai, har da ƙarin gishiri. Na ga fuskarsa ta canza. Ya je ƙofar ɗakin uwarsa ya tsuguna, ya cire hula, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce mata ya yarda ba ta da mugun nufi, amma in maganar nan ta kai kunnen sauran dattawa, da wane ido zai tsaya a gaban jama'a? Ya roƙe ta don Allah ta bari. Ta ce, "To. Bari in gama da hannun bawan Allahn nan, tunda na riga na karɓa."

Ta gama kuwa. Makonni kafintan yana zuwa ana wankewa, ni kuma duk ran da ya zo sai in ɗauki littafi in bar gidan, don kada idona ya ga haɗin. Hannun ya rufe, da tabo kamar ɗinkin buhu, amma ya koma riƙe zarto. Ya ƙera wa Iya 'yar kujera mai majingina ya kawo da kansa. Bayan nan duk wanda ya zo sai ta ce ta daina, ya tafi asibiti. Ɗan turmin ta miƙa wa innarmu ta ce a riƙa daka yaji. Iya ta yi shekaru bayan haka, har ta ga aurena, har ta goyi ɗana na fari a Sabon Gari inda muka tare. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Ni ma sau da yawa nakan zo gaishe ta maganar na bakina, sai girman kai ya ce bari sai wani zuwan. Wani zuwan ne aka aiko cewa ta cika.

Yanzu ga jikata da farar riga tana ba ni labarin abin da ni na guda. Ta ce a ɗakin gwajinsu suna shuka ƙwayoyin cuta a ɗan faranti, irin waɗanda ke sa ciwo ya yi mugunya, su ɗiga ruwan saiwar baushe a tsakiya, washegari su tarar kewayen ɗigon ya yi fes, ƙwayoyin sun kasa matsowa. Ta ce abin da ya sa suke wannan wahala shi ne akwai ciwukan da yanzu ba sa jin allura da kafso, ƙwayoyin sun saba da maganin saboda yadda muke shansa barkatai kamar gyaɗa. Har ta nuna mini itacen furut ɗin nan mai faɗin ganye da ke ƙofar cocinmu ta ce shi ma danginsu ne. Na ce oho, ashe shekara da shekaru a inuwar ɗan'uwan baushe muke taron zumuntar mata, ba wanda ya ce tsafi ne. Ta yi dariya, sannan ta ce, "Amma Kaka, faranti ba mutum ba ne. Kada ki je ki ce wa ƙawayenki su bar asibiti. Dangin suna da yawa, ƙarfinsu ba ɗaya ba. Ina so in san wanne Iya take haƙa, ɓawon saiwar take amfani da shi ko cikinta, a inuwa take shanyawa ko a rana, me take ƙarawa. In na san wannan, na san inda zan fara. In ba haka ba lalube zan yi ta yi."

Da muka rasa itacen a Bomo, sai ta ce mu gwada kasuwar Sabon Gari. Can cikin layin masu sassaƙe muka sami wani tsoho mutumin Zabi, sa'ana ko ya ɗan girme ni, zaune a tsakiyar buhuna. Na ba shi labarin a gajarce, na ɓoye rabona a ciki, sai dai na tambaye shi abin da ya daɗe yana ci mini rai. Na ce, "Malam, dawar nan da mutanen da suke zubawa a gindin itace, wa ake ba wa?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Baiwar Allah, wa kuwa za a ba? Shaida ce. In ka haƙi saiwa ka mayar da ƙasa, sai ka binne 'yan ƙwayoyin dawa a ramin. Ruwa na sauka su tsiro. Duk mai haƙan da ya zo ya ga karan dawa a gindin baushe a tsakiyar daji ya san an taɓa wannan bana, sai ya wuce gaba ya bar shi ya huta. Ina yaro nakan bi mahaifina wajen Bomo, in ya ga karan sai ya ce tsohuwa ta riga mu. Yanzu wa ke wannan? Samari ne ke tumɓuke itacen ɗungurungum su kawo mana a buhu, ni kaina rabona da daji na manta." Na nemi wuri na zauna a kan wani buhu. Da-na-sani ƙeya ce, amma ban san tana da nauyi haka ba. Na so a ce akwai wanda zai zage ni a wurin, ko na ji sauƙi.

Tsohon ya shiga buhunansa ya fito da saiwa iri uku ya jera a kan tabarma. Ya ce duk ana kawo masa su da sunan baushe, kowane gida kuma da nasa hannun, shi bai san na tsohuwar ba. Jikata ta tsuguna kusa da ni ta buɗe littafinta. Na leƙa na ga ta rubuta "Kaka" da manyan baƙaƙe a saman shafi, ta bar shafi biyu cur babu komai, tana jiran abin da zai fito daga bakina. Na ɗauki ta farko na sansana, na ɓantara na tauna. Bauri. Ta biyu ma bauri, ta uku ma haka, dukansu rawaya a ciki, dukansu da warin gidanmu. Zuciyata ta ce nuna ɗaya mana, wa zai ƙaryata ki? Yarinya ta ji daɗi, ke ma ki fita kunya. Har na ɗaga yatsa. Sai na tuna wannan ba jarrabawar aji ba ce, wata rana ciwon wani za a sa wa abin da na nuna.

Na mayar da hannuna cikin zane. Ni da na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa, ina zane 'ya'yan mutane a kan wannan amsa, yau ita ce a bakina. Na ce, "Ban sani ba, 'yar nan. An kai ni har gindinsa, an ce in taɓa, na ƙi."

Jikata ta ce, "Ba komai, Kaka," irin yadda ake faɗa wa mara lafiya. Ta sa biro ta ja ɗan gajeren layi a ƙarƙashin sunana, ta juya shafin. Iyakar abin da ya iso hannunta ke nan daga Iya, kuma ta hannuna ya biyo.